Wanda Ya Sassaƙa Gonar Tebur

Kura,
21 ga Afrilu, 1986.

Zuwa ga Yayana Sammani,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙane ga wansa, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da karatunka da sanyin Ingila da ka ce har yanzu bai sake ku ba. Allah ya ƙara maka juriya, ya sa ka gama lafiya, ya dawo mana da kai da abin da ka je nema. Mu nan zafi ne ya buɗe, bayan azahar ko inuwar mangwaro ba ta da wani amfani. Inna tana nan lafiya, sai gwiwar nan tata da ke tashi lokaci-lokaci, amma ba ta hana ta zagaya awakinta ba. Mai ɗakina Kubra ta warware sarai daga haihuwa, yarinyar har ta fara zama. An yanke alkama, tamu ta yi kyau daidai gwargwado. Azumi ya ƙarato, Inna ta ce in tuna maka kada dogon yinin can ya sa ka yi wasa da sahur. Labarin ƙanwarmu Indo kuwa yana cikin maganar da ta sa na zauna rubutun nan, don haka ka gyara zama.

Shekara guda ke nan ina ɓoye maka wani abu. Ba son raina ba ne, Inna ce ta ce kada a ɗaga maka hankali kana ƙasar wasu. Yanzu abin ya fashe, garin nan kaf an sani, gara ka ji daga bakina kafin wani ya rubuto maka ya mayar da ni azzalumi.

Ka tuna lokacin da za ka tafi na ce maka na gaji da haɗa tagogi da bencinan makaranta, ina so in yi wani abu da hannuna wanda za a tsaya a kalla. To na yi. Rigimar rabon ruwan noman rani ce ta ba ni dabarar. Kullum malaman gona su shimfiɗa taswira a gaban tsofaffi, tsofaffi su yi ta kallon layuka ba su gane komai ba, a tashi da faɗa. Sai na ce bari in ɗauko yankin namu gaba ɗaya in ɗora shi a kan tebur. Daga babban kanal har wutsiyarsa ta wajen Bunkure, inda ruwa ke isa a ƙarshe, fuloti tamanin da huɗu ne, kuma babu wanda ban taka da ƙafata na auna ba, tsohon nan Malam Hambali mai albasa yana riƙe mini ɗaya bakin igiyar. Kowane taku hamsin na mayar da shi faɗin yatsa ɗaya. Na sassaƙa kanal-kanal a jikin katako, na yanka ƙofofin ruwa daga gwangwanin madara, na yi kunyoyi da dusar katako da gam, har kukar nan ta kan kwana da mashayar shanu ban bari ba. Na shafe shi da fenti marar sheƙi, don ƙasa ba ta ƙyalli, kuma idan rana ta doki mai sheƙi ido ba ya ganin komai sai haske. Wata takwas na yi ina wannan aiki. Masu leƙowa shago suka sa masa suna gonar tebur.

Bara, ana saura kwana biyu bikin nunin amfanin gona, zazzaɓi ya kwantar da ni, ko kofi ba na iya riƙewa. Sai ga Maikuɗi, mijin Indo, ya zo duba ni da fara'arsa da zaƙin bakinsa. Ya ce ai ba za a bar aikin wata takwas a shago yana shan ƙura ba, shi zai nemi a-kori-kura ya kai mini shi wurin nuni, ya tsaya a kai har a tashi. Na yi masa godiya har da addu'a, Yaya, ka ji wauta. Ya kai, ya kuma tsaya a kai kamar yadda ya ce. Da alƙalan nuni suka tambayi wanda ya yi, sai ya dafa ƙirjinsa. Aka ba shi takardar yabo, aka ɗauke shi hoto yana nuna kanal da sanda. Kafin in miƙe daga kwanciya ƙungiyarmu ta manoman rani ta ɗauke shi aikin kula da ɗakin koyar da manoma, aikin da shugabanta Alhaji Muhammadu Sani ya ce sai mai irin wannan hannu. Mutumin da ko ƙusa bai iya bugawa a miƙe ba. Waɗanda suka taɓa ganin abin a shagona kuwa ya ce musu shi ya zana, shi ya auna, ni ɗan ƙwadago ne kawai da ya ba yankan katako. Aka kai gonar tebur ɗakin koyarwa, aka rataye hotonsa a samanta.

Da na warke na same shi a gida. Ban ɗaga murya ba, saboda Indo tana tsakar gida tana wanki. Ya yi dariya ya ce in kwantar da hankalina, ai duk gida ɗaya ne, abin da ya shiga hannunsa ƙanwata ce za ta ci, ita da 'ya'yanta. Washegari ya aiko mini da kwandon tumatir. Tumatir, a Kura, a watan da ake zubar da shi a bakin titi har jakuna suna kau da kai. Wannan kwando ya fi satar kanta ƙona mini rai. Na je wurin Inna, ta yi kuka ta ce in rufa wa Indo asiri, in bar wa Allah. Na ce to da baki, zuciyata kuwa ba ta amsa ba. Shekara guda ina gaisawa da shi a masallaci, ina cin tuwon suna da shi a kwano ɗaya, kuma duk lomar da na kai baki ina tunanin ranar da zan ga idonsa a ƙasa. Idan na bi ta gaban ɗakin koyarwa na ji yana ba manoma labarin wahalar da ya sha wajen auna fuloti, sai bakina ya yi ɗaci har in isa shago.

Ana cikin haka ƙunshinka ya iso, wanda na roƙe ka tun kafin wannan abu ya faru: takardun lambobi da haruffa, irin waɗanda ake jiƙawa a ruwa su zame daga takarda a manna, da 'yan kwalabe biyu, ɗaya na man sheƙi, ɗaya na man kashe sheƙi. Kai a layi biyu ka rubuta yadda ake yi, ni kuwa sai da na ɓata lamba goma sha ɗaya a kan guntayen katako kafin hannuna ya yarda da maganarka. Ashe fenti marar sheƙi, ko da ido ya gan shi sumul, kaushi gare shi. Idan ka ɗora lamba a kansa kai tsaye, iska takan maƙale a ƙarƙashin fatarta. Tana jiƙe ka ga ta yi kyau, da ta bushe sai ta yi fari-fari kamar kanwar da ke fitowa a gonar da ruwa ya daɗe a kwance, bakinta ya ɗaga, ta fara nannaɗewa. Sai an fara shafa man sheƙi a wurin, a bar shi kwana guda ya bushe, sannan a ɗora lambar, a danne da auduga daga tsakiya zuwa gefe, in ta kama a bi da man kashe sheƙi a rufe gaba ɗaya. Daga nan ko da farce ka bi ba za ka ji inda ta fara da inda ta ƙare ba. Na koya har hannuna ya saba, sannan na sa takardun a ƙasan akwati na rufe, tunda gonar da zan manna su a kai tana hannun wani.

Bana ƙungiya ta fito da sabon tsarin rabon ruwa, kowane fuloti da lambarsa da ranar shansa, aka kuma sa ranar da manyan baƙi za su zo daga Kano a yi bayani a kan gonar tebur a gaban kowa. Alhaji ya ce wa Maikuɗi ya sa lamba a kowane fuloti da kowace ƙofar ruwa. Gwanin naka ya ɗauki burushi ya gwada guda uku, suka fito kamar kaza ta taka fenti, Alhaji ya ce ya goge. Ana saura mako guda sai ga shi a shagona da goro, wai ya ji ka aiko mini da wasu lambobin Turawa, ko zan taimaka wa ƙungiya da su. Ƙungiya, ka ji. Na ce masa ba komai, ai duk gida ɗaya ne. Na buɗe akwati na ba shi takardun lambobin duka, ban rage ko ɗaya ba. Kwalaben biyu kuwa na bar su inda suke. Sannan na jawo wani guntun katako da na shafa wa man sheƙi tun lokacin da nake koyo, na nuna masa a kai: ruwan ɗumi a faranti, a ƙirga ashirin, a zamar da lambar da bakin burushi, a danne da auduga. Ta kwanta luf. Katakon nan yana ƙyalli a gaban idonsa, amma wanda bai san aiki ba bai san abin da zai kalla ba. Ya tambaye ni ko shi ke nan, na ce ai mai hannu irin nasa gani ɗaya ya ishe shi. Ya ji daɗin maganar har ya ƙara mini goro.

Kwana biyu ya yi yana mannawa, tamanin da huɗu na fuloti, goma sha biyu na ƙofofi. Da zafin nan ya gama busar da su, duk suka yi fari, gefensu ya ɗaga. Da mai kunya ne, da sai ya dawo ya ce mini ya kasa, kuma wallahi ban san abin da zan yi ba in da ya zo, wataƙila da na tausaya. Bai zo ba. Sai ya yi abin da duk wanda ya yi makarantar allo zai fara tunawa, ya nemo ƙaro. Ka san yadda muke jiƙa shi a tawada don rubutu ya kama allo ya yi ƙyalli. Ya jiƙa mai kauri, ya zuba masa sukari wai don ya ƙara danƙo, ya bi lambobin ɗaya bayan ɗaya ya shafe, har da cikin kanal-kanal ɗin don su yi kamar da ruwa a ciki. Farin ya ɓace, komai ya kwanta. Ya rufe da farin zane ya kulle ɗaki ya tafi gida yana murna. Ɗakin nan kuwa bango ɗaya ne tsakaninsa da siton alkamar ƙungiya. Duk wannan na ji shi ne daga Kubra. Indo ta shigo gidanmu da hantsi, suka zauna tsinkar zogale, ta ba ta labarin ƙaro da sukari dalla-dalla, Kubra kuma ta mayar mini da na shigo cin abincin rana.

Ina jin haka na ajiye cokali. Duk wanda ya taɓa ajiye kaya kusa da sito ya san abin da sukari ke kira a watan zafi. Kuma maganin abin bai fi aikin minti goma ba: a fitar da teburin daga ɗakin, a sa ƙafafunsa huɗu a cikin gwangwanaye, a zuba kananzir, shi ke nan. Kwana biyu suka rage. Daga shagona zuwa gidansa ko takalmi ba sai na ɗaura ba. Kubra ta dube ni ta ce ko zan leƙa, na ce ina da aikin ƙofa a Bunkure. Babu wata ƙofa. Na hau keke na tafi kasuwar Bunkure, na yi ta zagaya rumfunan albasa ban sayi komai ba, na sauka wurin wani abokin sana'ata, don kada ma wani ya same ni a gida ya roƙe ni, in ji kunya in taimaka. Ba zan ɓoye maka ba, a kan keken nan har fito na riƙa yi. Abin da kawai ya tsaya mini a rai shi ne aikina ne za a ci, wata takwas na hannuna. Na auna, na ga katako zan iya gyara shi duk lokacin da na so, amma sunana ban ga wata hanyar dawo da shi ba sai wannan.

Ranar taro na dawo da sassafe, na yi wanka na sa farar rigata ta Juma'a, na samu wuri a tsakiyar mutane. An kafa rumfa, an kawo lasifika, baƙi sun zauna a kujerun gaba, mata suna daga baya ta wajen katanga. Mutum huɗu suka ɗauko gonar tebur a rufe. Maikuɗi ya sha babbar riga, ya riƙe sandar nuni, ya yi dogon jawabi a kan yadda tunanin ya zo masa yana tsaye a bakin kanal. Sannan ya yaye zanen. Yaya, kiyashi ne baƙi ƙirin, sun cika kowane kanal suna bi a jere daga babba har wutsiya, ruwa da kansa bai taɓa bin tsarin nan da ladabi haka ba. Kyankyasai uku suka fito daga ƙarƙashin kuka suka nufi ƙafafun baƙi. Lambobin kuwa rabinsu babu, wasu sun manne a jikin zanen, wasu an gaigaye su saura ɗan guntu. Sai wani tsoho daga gefe ya ce to alhamdu lillahi, yau dai ruwa ya isa wutsiya. Wuri ya ɗauki dariya, har baƙin suna rufe baki da hannun riga.

Alhaji Muhammadu Sani mutum ne mai son rufa asiri. Ya karɓi lasifika ya ce lamba ba komai ba ce, tunda wanda ya auna gonakin da ƙafarsa yana tsaye, sai ya nuna kowane fuloti ya faɗi mai shi, a ci gaba da bayani. Maikuɗi ya yi tsuru-tsuru. Ya ɗora sanda a kan na farko ya ce na Baballe ne. Baballe ya miƙe ya ce shi gonarsa ba ta taɓa kusantar babban kanal ba, da ta kusanta da bai yi shekara biyar yana rigimar ruwa ba. Ya gwada na biyu, ya ba mamaci gonar mai rai. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga. A nan Malam Hambali ya tashi da sandarsa ya ce shi dai ya riƙe bakin igiya wata da watanni, kuma wanda ke riƙe da ɗaya bakin ba wannan ba ne, ga shi can zaune da farar riga. Na tashi ba gaggawa. Ban karɓi sandar Maikuɗi ba, da yatsana na bi su, tamanin da huɗu, kowanne da mai shi, da wanda ya gada a wurinsa, da ƙofar da yake shan ruwa. Kiyashi suna hawa hannuna ban ko kaɗe su ba.

Alhaji ya so a bar maganar a nan. Ya matso ya ce mini a hankali kowa ya gane, in yi haƙuri a ƙarasa taro. Na ce ban ƙi ba, amma shekara guda ana ce mini ɗan ƙwadagon yankan katako, ina so wanda ya faɗa ya janye da bakinsa. Maikuɗi ya sunkuyar da kai ya ce ni ne na yi ta daga farko har ƙarshe, shi ɗauka kawai ya yi ya kai. 'Yan gaba suka ji. Da na tsaya nan, da yau wata wasiƙar daban kake karantawa. Amma na dube shi na tuna kwandon tumatir, sai na ce na baya ba su ji ba. Na ɗauki lasifika da hannuna na kara masa a baki. Ya maimaita, muryarsa ta fita har bakin titi. Ka ce mini mugu in ka so, amma tun da aka haife ni ban taɓa jin sanyi a raina irin na wannan lokaci ba.

Kafin la'asar an sauke hotonsa. Ƙungiya ta sallame shi, aka ba ni makullin ɗakin. Kwana tara na yi ina wanke ƙaro da ruwan ɗumi da auduga, fuloti bayan fuloti, na cike inda kyankyasai suka gaigaye, na sake fenti. Yanzu na shafa man sheƙi a duk inda lamba za ta zauna, wuraren suna nan suna jira, da alli nake rubutawa a gefe kafin nan. Don haka ina roƙonka ka sake aiko mini da takardun lambobi, daga ɗaya zuwa ɗari, baƙaƙe, masu girman ƙwayar wake kamar na wancan karon, da ƙarin man kashe sheƙi, don kwalba ɗaya ba za ta rufe tebur duka ba. Maikuɗi kuwa tun ranar bai sake fitowa masallacin unguwa ba. Duk inda ya gifta sai wani ya tambaye shi lafiyar kiyashi. Makon jiya ya tattara kayansa ya koma Kumbotso wurin kawunsa mai sayar da hatsi, da Indo da yaran.

Ranar da za su tashi, da safe, Indo ta zo shago. Ba ta shigo ba, ta tsaya a bakin ƙofa da goyo. Ka san Indo, tun tana ƙarama ba ta iya wuce shagona ba ta ɗebi dusar katako ta watsa mini a wuya ba. Ranar nan gaishe ni ta yi yadda ake gaida baƙo. Ta ce ita ba ta taɓa shakkar wanda ya yi gonar tebur ba, shekara guda tana faɗa da mijinta a kan haka a cikin ɗaki, ba ta bari kowa ya ji ba. Ta ce da na sa shi ya faɗa na farko ba ta ga laifina ba, haƙƙina ne. Amma na biyun, tana tsaye a cikin mata a bayan rumfa, muryar mijinta ta fito ta lasifika, mata suka juyo gaba ɗaya suna kallonta, ita da babbar 'yarta da ke riƙe da bakin zanenta. Sannan ta ce abu ɗaya take so in sani kafin ta tafi. Ranar da ta zo wurin Kubra da labarin ƙaro, ba hira ta kawo ta ba. Ita mai girki ce, ta san abin da sukari ke jawowa, ta gaya wa mijinta ya ce ba ta san aikin maza ba. Ba ta iya zuwa ta roƙe ni kai tsaye a bayan idonsa ba, sai ta ajiye maganar inda ta san za ta iso kunnena, ta koma gida tana jiran sallamata. Kwana biyu duk ƙarar keken da ta ji sai ta leƙa ta kafar zanan gida. Ta tambaye ni ko ban gane ba ne.

Na gane, Yaya. Tun Kubra ba ta rufe baki ba na san aike ne. Da na ce mata ban gane ba, da ta tafi da sauƙi a ranta, amma ban taɓa yi wa Indo ƙarya ba, kuma na kasa farawa a ranar. Na ce mata na gane. Ta gyaɗa kai, ta gyara goyonta, ta ce Allah ya sa wa sabon aiki albarka, ta juya. Daga farkon maganar har ƙarshenta ba ta ce mini Yaya ko sau ɗaya ba.

Na san abin da za ka rubuto, don haka kada ka ɓata tawada a kan haƙuri da yafiya. Maikuɗi ban yafe masa ba, kuma ko gobe aka sake kafa rumfar nan zan sake tashi. Abin da ya ci nawa ne, kuma ya amayar da shi a gaban waɗanda ya ci a gabansu. Inna kuwa tun ranar in na shiga gaishe ta takan amsa ne tana kallon awaki. Ni dai yanzu duk wanda ya shiga ɗakin koyarwa ya san hannun wa yake kallo. Abin da na nema ke nan, kuma na samu.

Inna tana gaishe ka tana sa maka albarka. Kubra tana gaishe ka, ta ce in yarinyar ta fara tafiya za a ɗauki hotonta a aiko maka. Malam Hambali da Baballe sun ce in isar da gaisuwarsu, haka Kawu Dattijo da iyalinsa. Ka gaida abokan zamanka duka. Indo kuwa ba zan ce tana gaishe ka ba, don ban ji daga bakinta ba. Na rubuta maka adireshin inda take a bayan takardar nan. Ka rubuta mata, taka za ta buɗe. Kada ka roƙar mini komai a ciki. Ka dai tambaye ta lafiyar yaran, in ta ba ka amsa ka gaya mini.

Allah ya sada mu da alheri.

Ni ne ƙanenka,
Datti.